Filin Jirgin Kano A Yaƙin Hitila: Me Ya Rage A Ƙasa?

A cikin keke muke, ni da ɗiyar ƙanwata, mun taso daga Bukur za mu shiga gari. Da muka iso mahaɗar da kowa a Jos ke kira Old Airport, mai keke ya rage gudu yana tambaya ko da mai sauka. Yarinyar ta leƙa dama, ta leƙa hagu, ta ce, "Kawu, to ina jiragen?" Na ce sun koma Heipang tun ba a haife ta ba. Ta ce, "To don me ba a canja sunan ba?" Na dai yi dariya, amma tambayar ta bi ni har gida.

Filin jirgi gado ne mai wuyar riƙewa. Ganuwa ko ta zube tana barin tudu, rijiya ko ta cike tana barin gurbi. Shi kuwa filin jirgi, duk amfaninsa shi ne a ce babu komai a kansa: an sare itatuwa, an cike ramuka, an daɓe ƙasa ta kwanta sumul. Ranar da jirgi ya daina sauka, abin da ya sa wurin ya dace da jirgi shi ne zai sa ya dace da mai neman fuloti. In kuma jirgi bai daina sauka ba, sabuwar kwalta ce za ta hau kan tsohuwa har a rasa gane ta. Wannan na biyun shi ya sami filin jirgin Kano, wanda tsakanin 1940 da 1943 yana cikin zangunan da sojojin saman Ingila a Masar suka dogara da su.

Jirgi ya riga yaƙin zuwa Kano. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 wasu jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa, domin a lokacin babu wani wuri da aka tanada. Jagoransu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A riƙe sunan, zai dawo. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja daga Khartum zuwa Kano, daga baya a shekarar ya zarce Ikko. Saboda haka da yaƙi ya ɓarke a 1939, akwai hanya, akwai ƙananan filaye jefi-jefi, sai dai an yi su ne don jirgin da ke zuwa lokaci-lokaci da jakar wasiƙa, ba don ayari ba.

Watan Yuni na 1940 ne ya birkita lissafi. Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya ta shiga yaƙin a ɓangaren Hitila. Italiya na riƙe da Libiya, tana kuma zaune a tsakiyar Bahar Rum, wato hanyar da Ingila ke bi ta kai kaya ga sojojinta a Masar ta zama tarko. Sauran hanya ita ce jirgin ruwa ya zagaye Afirka duka ta kudu ya ɓullo ta Bahar Maliya, tafiyar makonni masu yawa. Mashigin Suwez da man Gabas ta Tsakiya kuwa ba abin da za a yi wa jinkiri ba ne. Dabarar da aka yanke ita ce a zuba jiragen yaƙi cikin akwatuna, gunduwa-gunduwa, a kawo su ta ruwa tashar Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su su ratsa nahiyar daga yamma zuwa gabas. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000.

Akwai ƙulli ɗaya. Tsakanin Borno da Sudan akwai Chadi, ƙasar Faransa ce, Faransa kuwa ta rabu biyu: masu bin gwamnatin Vishi da ta yi sulhu da Jamus, da masu bin Janar Digol da ya ƙi. Da Chadi ta bi Vishi, da hanyar ta mutu tun ba a haife ta ba. Gwamnan Chadi a lokacin baƙar fata ne, Felix Eboue, haifaffen Guyana ta Faransa. Ranar 26 ga Agusta 1940 ya bayyana cewa yana tare da Digol, kuma gwamnan Najeriya na lokacin, Bernard Bourdillon, ya mara masa baya. Ba a yi wata ɗaya ba ayarin farko ya tashi daga Takoradi, a watan Satumba: jirgin Blenheim ɗaya a gaba, Hurricane shida a baya. Nijar kuwa ta ci gaba da zama a hannun Vishi har ƙarshen 1942. Mutumin Kano bai buƙatar a faɗa masa nisan Damagaram. A jirgin yaƙi ba ta kai awa ɗaya ba.

Na ce ayari, kuma da gangan na faɗa. Hurricane jirgin mutum ɗaya ne, babu mai duba masa taswira, tankinsa kuma ƙarami ne har sai an ƙara masa wasu a ƙarƙashin fukafukai. Don haka ake sa babban jirgi mai injin biyu, wanda ke da mai lissafin hanya, ya zama madugu, ƙananan su bi shi. Zangon farko Ikko, kuma a kan hanya sai sun yi nesa da gaɓar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, don ita ma Vishi ce. Daga Ikko sai doguwar tafiyar da ta haura kilomita 800 zuwa Kano, a tashi a kan kurmi a sauka a ƙasar gawo da kuka. Daga Kano sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda ita ce Injamena ta yau, sai Aljinena, Alfashir, Al'ubayyid, Khartum, sannan a bi kogin Nilu arewa har Masar. In komai ya tafi daidai, kusan mako guda.

Duk wanda kakansa ya je Makka a ƙasa ya san waɗannan sunayen. Wannan ita ce hanyar alhazan da, wadda mutane suka yi shekaru suna bi a kan jaki da raƙumi da ƙafa, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, wasu ma ba su ƙarasa ba suka zauna, zuriyarsu na Sudan har yau. Bature bai ƙirƙiro hanya ba, ya dai bi inda ruwa da gari da kasuwa suke, waɗanda ƙafar mahajjata ta riga ta gano. Abin takaici, Aljinena da Alfashir su ne yanzu muke ji a rediyo tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023.

Abokin gaba a wannan hanya yanayi ne fiye da Jamus. Da hunturu hazo kan rufe ƙasa har matuƙi ya kasa ganin fili yana bisa kansa, kuma mu da muke gani ana soke tashin jirage a watan Janairu duk da na'urorin zamani, sai mu auna yadda abin yake ga mai dogaro da ido da agogo da kamfas. Da damina hadari kan taso kamar bango, ƙaramin jirgi bai iya ratsa shi, man zagaye shi kuma babu. Ƙura na cin injin, har jirage da dama kan isa Masar suna buƙatar gyara kafin su ga fagen fama. Zazzaɓin sauro na kwantar da matuƙa da makanikai. Wanda injinsa ya mutu tsakanin Fort Lamy da Aljinena, sauka ce a dajin da ba lalle a same shi ba. Cikin matuƙan akwai 'yan Poland da yawa, mutanen da ƙasarsu ta faɗi tun 1939, suna kai jirgi Masar, a kwaso su a jirgin jigila a maido su Takoradi su ɗauki wani. Zuwa ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Wanda ke jagorantar rundunar saman Ingila a hamadar Masar da Libiya daga 1941, wato mai karɓar kayan a ɗaya bakin, shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka a filin sukuwar Kano.

Me ya sa Kano ta zama babban zango? Dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma filin jirgin sama ba ya rayuwa sai da mai. Kowane ayari in ya sauka sai an cika masa tanki, man kuwa daga bakin teku yake zuwa. Kano na da reluwe, tana da wayar tangaraho, tana da kasuwar da za ta ciyar da baƙi, tana da kamfanonin gyaɗa masu motoci da ɗakunan ajiya. Maiduguri ba ta da dogo a lokacin. Layin da ya kai mata, wanda ya rabu daga Kuru a nan kusa da mu, sai a 1964 ya isa. Kan dogo mafi kusa da ita a shekarun yaƙi Nguru ne da Jos, wato abin da ya yi nauyi sai an sauke shi an ɗora a mota an bi hanyar marmara. A nan ne za a gane darajar kowace ganga. Jamusawa ma sun gane: ranar 21 ga Janairu 1942 jirginsu guda ɗaya tak ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a ma'ajiyar man Fort Lamy, ya ƙone man da aka sha wahalar tarawa. A hanyar komawa shi ma mansa ya ƙare ya sauka a hamada, sai ceto mutanensa aka yi.

Amurkawa sun shigo tun ƙasarsu ba ta shiga yaƙin ba. A 1941 aka ba kamfanin Pan American aikin gyara filayen hanyar da tafiyar da jigila, sannan a ƙarshen 1942 sojojin Amurka suka karɓe aikin gaba ɗaya. Daga nan Kano da Maiduguri suka zama zanguna a doguwar hanyar da ta taso daga Amurka ta Brazil, ta tsallako teku zuwa Akara, ta zarce har Indiya. Da aka kori Jamus da Italiya daga Arewacin Afirka a watan Mayu 1943, gajeriyar hanya ta buɗe ta can, tamu ta fara yin sanyi.

Wannan shi ne labarin kamar yadda masu jiragen suka rubuta shi, kuma gaskiya ne. Sai dai an rubuta shi ne daga sama. Titin jirgi a wancan zamani da hannu ake yin mafi yawansa: diga, shebur, kwanon sarki a ka, a fasa dutse a mai da shi tsakuwa, a kwaso marmara, a yayyafa ruwa a daɓe. Ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ce ke riƙe da aikin, leburori kuwa mutanen ƙasa ne, kuma duk wanda ya san mulkin En'e ya san yadda ake samun lebura: Razdan ya faɗa wa Sarki, a faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya aika mai unguwa. Bayan ƙarfi kuma an karɓi kuɗi. An yi ta tara gudummawar yaƙi lardi-lardi, har wata runduna ta sojojin saman Ingila, ta 91, ta ɗauki sunan Najeriya saboda jiragen Spitfire da aka saya da kuɗin mutanen ƙasar nan. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, ita ce ke kai wa masu karatun boko labarin yaƙin da Hausa.

Mu a Jos ba mu buƙatar a ba mu labarin wannan fuska ta yaƙin, don a nan ta fi muni. Da Japan ta cinye Malaya, Singafo ta faɗi a Fabrairun 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta. Kuza kuwa ita ake liƙa wayoyin jirgi da rediyo da ita, ita ake shafe gwangwanin abincin soja da garwar fetur mai galan huɗu. Sai aka juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka kafa dokar aikin tilas, aka ɗebo talakawa kimanin 100,000 daga lardunan Arewa, rukuni-rukuni, aka kawo su haƙar kuza. Tsofaffi na kiran abin ɗiban gwamna. Mutumin da ya taso a zafin Sakkwato ko Katsina aka kawo shi sanyin Barikin Ladi ba bargo, ba isasshen abinci, yana wuni cikin ruwa. Da yawa sun gudu, da yawa sun mutu, musamman a wurin aikin madatsar Tenti. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, ba a taɓa kaiwa haka ba. Wanda ya fasa tsakuwa a Kano da wanda ya wanke kuza a Bisichi yaƙi ɗaya suke yi wa aiki, ko da ba su san juna ba.

To me ya rage?

A Kano, filin ya ci nasara, nasarar ce ta binne shi. Bayan yaƙi jiragen fasinja na Turai masu zuwa Ikko, Kwango da Afirka ta Kudu ba su iya yin tafiyar a numfashi ɗaya, dole su sha mai bayan sun tsallake Sahara, kuma ga fili yaƙi ya bari a shirye. Haka Kano ta zama mashigar Najeriya ta sama a shekarun 1950, zamanin da ake ɗaukar hoton mai raƙumi yana busa kakaki don sanar da isowar jirgi. Aka gina sabon ɗakin fasinja, aka tsawaita titi, aka ƙara masa kauri don manyan jirage. Gine-ginen yaƙi dama ba don su daɗe aka yi su ba: kwano, katako, tanti, ɗakin ƙasa. Soja ma bai bar wurin ba. A Agustan 1967 nan ne aka sauke jiragen MiG na Rasha a cikin akwatuna don yaƙin basasa, kusan irin yadda aka yi a Takoradi shekara 27 kafin nan, kuma har yau sojojin sama na da sansani da makarantar koyon tuƙi a gefen filin da yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano. Ma'ana, ɓangaren da ya fi kusa da tarihin yaƙi yana bayan shingen da farar hula ba ya shiga da kyamara. Abin da kowa zai iya gani, ko a taswirar wayarsa, shi ne mazaunin filin a arewacin birni da yadda titinsa ya kwanta daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Jirgi na son tashi yana fuskantar iska, iskar Kano kuwa biyu ce, ta hunturu da ta damina, kuma su ne suka ja wannan layi. Maiduguri, Ikeja, Injamena da Takoradi duk irin wannan makoma suka samu: suna aiki, don haka ba su yi kama da tarihi ba.

Akwai misali na ɗaya gefen a ƙasar nan. Filin Uli na Biyafara wani yanki ne na hanyar mota tsakanin Onitsha da Owerri da aka faɗaɗa. Da dare jiragen agaji da na makamai ke sauka, a kunna fitilu na ɗan lokaci a kashe, kuma daga nan Ojukwu ya tashi zuwa Kodebuwa a Janairun 1970. Da yaƙi ya ƙare ya koma hanyar mota. Abin da aka iya ɗauka, irin su jirage da motocin yaƙi, yana gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Haka abin yake ko'ina: ana adana abin da ake iya ɗagawa. Gidan tarihinmu na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya ajiye kan tsohon ƙaramin jirgin ƙasan da ke zuwa daga Zariya, a harabarsa har da kwaikwayon ganuwar Kano. Titin jirgi mai tsawon kilomita fa, ina za a kai shi?

Sai kaburbura. Hukumar ƙasashen Commonwealth mai kula da kaburburan yaƙi na riƙe da na matuƙa da makanikan da suka mutu a wannan hanya, a Takoradi, a makabartar Yaba ta Ikko, da kuma Kano. Kowane dutse da suna, da lamba, da ranar mutuwa, galibinsu samari 'yan ashirin da wani abu. Ban ga laifin wannan ba, kowa ya kula da nasa. Amma ita kanta hukumar ta amsa a rahotonta na 2021 cewa ba a yi wa mamatan Afirka na yaƙin duniya na ɗaya adalci ba wajen tunawa da su, har ministan tsaron Ingila ya nemi afuwa. Akwai dutsen tunawa da sojojin Najeriya a makabartar sojoji ta Abuja, a hanyar filin jirgi. Su ke nan masu lamba. Lebura ba shi da lamba, don haka bai shiga kowane lissafi ba.

Ko a sunaye, waɗanda su suka fi komai daɗewa kamar yadda ɗiyar ƙanwata ta gano, an sami bambanci. Sojojin ƙasa da suka je ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, sun dawo da sunayen wuraren da suka yi faɗa suka liƙa wa barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Dodan da Myohaung a Ikko, sai Chindit a Zariya, wanda shi sunan runduna ne ba na wuri ba. Direban tasi na faɗin su kullum ko bai san asalinsu ba. Hanyar Takoradi ba ta bar irin wannan ba, kuma dalilin a fili yake. Mutanenmu ba su tuƙa jiragen ba, rundunar sojojin saman Najeriya sai a 1964 aka kafa ta, babu wata ƙungiyar mazan jiya da za ta ce abin nata ne. Masu jiragen sun koma gida da hotunansu da littattafan tuƙinsu, masu kwanon sarki sun koma gona.

Shi ya sa nake ganin wanda ke neman ragowar wannan fili ya daina leƙen shinge yana neman tsohuwar rumfar jirgi. Ya nufi Kaduna, gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa, inda fayilolin lardunan Kano, Borno da Filato suke, ya zauna da takardun Razdan da lissafin baitulmalin En'e na waɗannan shekaru. Sannan ya yi sauri ya nemi mutane. Yaron da ke da shekara goma a 1942 yanzu ya haura casa'in, kuma akwai sauransu a Fagge da Kurna, a Bukur da Barikin Ladi. Ba za su san sunan jirgin ba, ba kuma shi za a tambaye su ba. A tambaye su wa ya zo gida ya kira mahaifinsu, kwana nawa ya yi bai dawo ba, an biya shi ko ba a biya ba, kuma kafin a zuba marmara a wurin, gonar wa ce.